Kyaftin Nemo a littafi da a majigi: kundin aiki

6 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗauko shi ne in sake karanta littafin Jules Verne na tafiyar ƙarƙashin teku, *Vingt mille lieues sous les mers*, babi bayan babi, sannan in bi finafinan da aka yi da sunansa in ga abin da kowanne ya riƙe, abin da ya yar, da abin da ya ƙara daga aljihunsa. Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar mawallafi Pierre-Jules Hetzel daga Maris 1869 zuwa Yuni 1870, kuma babi 47 ne: 24 a kashi na farko, 23 a na biyu.

Na Faransancin nake karantawa, da fassarar William Butcher ta 1998 a gefe. Tsohuwar fassarar Ingilishi ta Lewis Mercier, wadda ta fito a farkon shekarun 1870, na ajiye ta, domin ta datse kusan kashi ɗaya cikin biyar na littafin. Cikin abin da ta datse har da bayanin hotunan da ke rataye a ɗakin Nemo, kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin tekun da ke labarin: Kosciuszko na Folan, Botzaris na Girka, O'Connell na Ailan, Washington, Lincoln, da John Brown wanda aka rataye saboda yaƙi da bauta. Wannan fassarar ce masu karanta Ingilishi suka fi sani shekara da shekaru. Ke nan tun kafin a ɗora kyamara an riga an rage wa mutumin wani ɓangare na zuciyarsa.

19 ga Janairu

Na gama kashi na farko. Wanda ya san labarin ta fim kaɗai zai yi mamakin yadda littafin yake tafiya a hankali. Farfesa Pierre Aronnax na gidan tarihin halittu na Faris ne ke ba da labari da bakinsa. Shi da baransa Conseil da Ned Land, ɗan Kanada gwanin jifa da mashi, sun bi jirgin yaƙin Amurka *Abraham Lincoln* farautar abin da aka ɗauka dodon teku ne, suka faɗa ruwa a tekun Fasifik cikin Nuwamba 1867, suka tsinci kansu a bayan jirgin ƙarfe. Daga nan sai shafuka su yi ta wucewa Aronnax yana bakin tagar gilashi yana kallon kifaye, Conseil yana jera dangi da jinsin kowanne, Ned yana neman nama da hanyar gudu.

Jirgin, *Nautilus*, dogo ne sumul: tsawonsa mita 70, faɗinsa mita 8. Lantarki ke tafiyar da shi, daga batura masu aiki da sodiyam da zaiba, sodiyam ɗin kuma daga ruwan teku ake cirowa. Akwai ɗakin karatu mai littattafai 12,000, da falon da aka cika da zane-zane da kayan tarihin teku, da kayan kiɗan nan ogan da Nemo ke kaɗawa.

Shi kuwa Nemo, har ƙarshen wannan kashi ba a faɗi ko ɗan wace ƙasa ba ne. Ma'aikatansa suna magana da harshen da Aronnax bai taɓa ji ba. Wata rana aka kulle baƙin uku, aka sa musu maganin barci a abinci, washegari aka kira Aronnax ya duba wani ma'aikaci da kansa ya fashe. Mutumin ya mutu, aka binne shi a maƙabartar murjani a ƙasan teku, Nemo ya yi hawaye. Me ya faru da daren? Verne bai faɗa ba. Na ja layi a nan, don ina zaton wannan ƙin yin bayani shi ne abin da masu fim za su fi kasa haƙuri da shi.

2 ga Fabrairu

Kashi na biyu ya ƙare daren jiya, kuma yanzu na san ma'aunin da zan auna finafinan da shi.

A gaɓar Silon, wato Siri Lanka ta yau, Nemo ya kai su wurin masu nutso neman lu'ulu'u. Suna ƙasan ruwa sai ga wani talaka Ba'indiye ya nutso da dutse a ƙafarsa, kifin shak ya taso masa. Nemo ya shiga tsakani da wuƙa kawai a hannu, har kifin ya danne shi, sai mashin Ned ne ya cece shi. Da mai nutson ya farfaɗo, Nemo ya danƙa masa jakar lu'ulu'u, daga baya kuma ya gaya wa Aronnax cewa mutumin ɗan ƙasar waɗanda aka zalunta ne, shi ma kuma ɗan can ne har numfashinsa na ƙarshe. Bayan sun ratsa wani rami ƙarƙashin Suwez daga Bahar Maliya zuwa Bahar Rum, sai ga shi kusa da tsibirin Kirit yana aika akwatin zinariya, a daidai lokacin da mutanen tsibirin ke tawaye ga Daular Usmaniyya, tawayen 1866 zuwa 1869. A mashigin Vigo na Sifaniya aka ga inda zinariyar ke fitowa: jiragen dukiya da suka nutse a 1702. Da Aronnax ya yi ƙorafin cewa dukiyar ta ɓace wa mabuƙata, ran Nemo ya ɓaci, ya tambaye shi ko yana zaton don kansa yake tara ta.

Wannan fuska ɗaya ce. Ɗayar tana da ban tsoro. Mutumin da ya hana Ned kashe manyan kifaye don nishaɗi, shi ne a ranar ya sa jirginsa ya yayyanka garken wasu masu haƙora har teku ta yi ja. Shi ne ya kafa baƙar tuta mai harafin sunansa a ƙuryar kudu ta duniya ranar 21 ga Maris 1868. A ƙarshe ya huda wani jirgin yaƙi da ba a faɗi ƙasarsa ba, ya tsaya a taga yana kallon mutane suna nutsewa, sannan ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban hoton wata mace da yara biyu yana kuka. Aronnax, wanda ya so zama a jirgin saboda ilmi, a nan ne ya yarda a gudu. Suka tsira ta cikin mahaukacin ruwan nan mai juyawa a gaɓar Nowe, suka farka a bukkar masunta a tsibiran Lofoten, ba su san makomar jirgin ba.

Dalilin rufe asalin Nemo sananne ne. Verne ya so ya zama basarake ɗan Folan wanda Rashawa suka hallaka iyalinsa bayan tawayen 1863. Hetzel ya ƙi, saboda gudun ɓata wa Rasha rai da rasa kasuwarta. Verne bai yarda a ba shi wani maƙiyin na aro ba, sai ya bar wurin a rufe. A ganina rigimar nan ta yi wa littafin alheri: tunda ba a ɗaura Nemo ga ƙasa ɗaya ba, duk wanda aka taɓa cin ƙasarsa zai iya ganin kansa a cikinsa.

Ma'aunina ke nan: shin fim ya bar zinariyar ta isa hannun waɗanda aka zalunta, kuma ya bar Aronnax da mai kallo cikin tsaka mai wuya tsakanin ƙaunar mutumin da tsoronsa?

9 ga Fabrairu

Ɗan gajeren fim ɗin Georges Méliès na 1907 ba ya buƙatar dogon bayani. Mafarkin wani masunci ne da 'yan rawa da dodanni, sunan kawai ya ara.

Na 1916 shi ne na farko da ya ɗauki aikin da gaske. Kamfanin Universal ne ya yi shi, Stuart Paton ya ba da umarni, Allen Holubar ya fito a Nemo. Fim ne marar magana. Abin da ya ɗaga shi shi ne hotunan ƙarƙashin ruwa da 'yan'uwan nan Williamson suka ɗauka a Bahamas. Ba su da kyamarar da ke shiga ruwa, sai suka zura wani dogon bututun ƙarfe daga jirgi, a ƙarshensa akwai ɗan ɗaki mai tagar gilashi inda mai ɗauka ke zaune, hasken rana kuma yana dukan farin yashin ƙasa yana haska wurin. Akwai tsawon lokaci da fim ɗin ke tsayawa cak, baƙin Nemo na bakin taga, ana nuna kifaye da murjani kawai. Mai kallon yau zai iya ƙosawa. Ni kuwa a wannan wurin na fi jin ƙamshin littafin, domin haka Aronnax yake yini.

Mai nutson lu'ulu'u ma yana nan, sai dai a maimakon shak, dabbar nan mai hannuwa da yawa ce ta kama shi, Nemo ya fita ya ƙwato shi.

Daga nan sai labarin ya bar hanya. An haɗa shi da wani littafin Verne, *L'Île mystérieuse*, aka kawo sojojin yaƙin basasar Amurka da balan-balan ta jefar a tsibiri. An ba Aronnax 'ya. An ba Nemo ma 'ya, wadda ta girma ita kaɗai a dajin tsibirin. An kuma ƙirƙiro mugu guda mai suna Charles Denver, wanda ya yi sanadin mutuwar matar Nemo a Indiya. Nemo ya nutsar da jirginsa, ya zauna ya ba da tarihinsa duka, ya mutu, aka binne shi a ƙasan teku. Fushin da a littafi yake kan daula sukutum an mayar da shi gaba tsakanin mutum biyu. Holubar kuma Bature ne da aka shafa wa baƙin kwalli a fuska aka naɗa masa rawani, abin da ke da nauyin kallo a yau.

23 ga Fabrairu

Fim ɗin Disney na 1954. Nan zan daɗe, don shi ne ya zama littafin a idon yawancin mutane.

Richard Fleischer ne darakta, Earl Felton ya rubuta. James Mason ne Nemo, Kirk Douglas ne Ned Land, Paul Lukas ne Aronnax, Peter Lorre ne Conseil. An yi ɗaukar ruwa a Bahamas da Jamaika, ya kuma ci lambar Oska biyu, ta tsara wuri da ta dabarun hoto. Jirgin da Harper Goff ya zana, mai ƙusoshi da ƙayoyi a baya da tagogi kamar idanu, bai yi kama da sumul ɗin jirgin Verne ba ko kaɗan, amma ya dace da abin da matuƙa suka rantse sun gani, wato dodo. Wannan sauyin na karɓe shi hannu biyu.

Abin da aka yar yana da yawa: babu ramin Suwez, babu Kirit, babu birnin Atlantis da ya nutse, babu ƙuryar kudu da maƙalewa a ƙarƙashin ƙanƙara har iska ta kusa ƙarewa, wanda a wurina shi ne babi mafi tsayar da numfashi a littafin. Zagayen duniya na kilomita 80,000 ya koma labarin gidan yari da gudu. Wannan dabara ce mai kyau ga fim na awa biyu, kuma Ned ne ya ci ribarta: ya zama jarumi mai waƙa da jita da wasa da dabbar ruwan nan Esmeralda, shi ke jefa saƙo a kwalabe har jiragen yaƙi su gano maɓoyar Nemo. Aronnax ya koma gefe. Tunda ba ta idonsa muke kallo ba, rabin tsaka mai wuyar ya tafi.

Sai batun zinariya. A fim ɗin Ned da Conseil sun saci jiki zuwa wani tsohon jirgi da ya nutse don kwasar dukiya, shak ya taso musu, Nemo ya kashe shi. Daga baya aka nuna cewa dukiyar da ke cikin *Nautilus* ba ta da wani amfani a wurinsa illa ta ƙara wa jirgin nauyi. Dubi abin da ya faru: shak ɗin yana nan, zinariyar tana nan, amma talaka mai nutso da 'yan tawayen Kirit an share su. Mutumin da ke ciyar da masu neman 'yanci ya zama wanda ya raina abin duniya kawai. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan duk babin da aka cire.

Duk da haka ba zan ce fim ɗin ya ci amanar Nemo ba. An ba shi tsibirin Rura Penthe, inda fursunoni ke loda sinadaran haɗa albarusai, inda shi ma ya taɓa zama bawa, aka azabtar da matarsa da ɗansa har suka mutu don ya tona asirin bincikensa. Ba a faɗi ƙasar da ta yi haka ba, kuma wannan ya bi sawun Verne. Mason kuma ya san abin da yake yi. Fitowar da yake kaɗa ogan kafin ya afka wa jirgin albarusai, da yadda fuskarsa ke jiƙe da gumi lokacin karon, sun isar da abin da ƙarshen littafin ya isar: ka tausaya masa, ka kuma so ka yi nesa da shi.

Ƙarshen kuwa na zamaninsa ne. Ba a ambaci nukiliya da baki ba, amma hasken injin da gajimaren da ya tashi bayan tsibirin Vulcania, maɓoyar Nemo, ya fashe sun isa bayani. A Janairun 1954 ɗin Amurka ta saka jirginta na ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya a ruwa, sunansa kuma *Nautilus*. An harbi Nemo, ya nutse da jirginsa. Verne ya bar tambaya, Disney ya rufe ta da kabari.

1 ga Maris

Na koma kan faɗan da aka yi da dabbar nan mai dogayen hannuwa. A littafi garke ne guda suka far wa jirgin kusa da Bahamas, aka fita da gatura, ɗaya ta ɗauke wani ma'aikaci, shi kuma a cikin firgici ya yi ihun neman taimako da Faransanci. A nan Aronnax ya gane akwai ɗan ƙasarsa a jirgin, a daidai lokacin da ya rasa shi. Nemo ne kuma ya ceci Ned a wannan faɗan, ya biya bashin Silon. A fim dabbar ɗaya ce, Ned ne ya ceci Nemo, ihun kuma babu shi. An fara ɗaukar fitowar da yamma a ruwa kwance, wayoyin da ke jan hannuwan suka fito fili, sai aka sake ta da dare cikin hadari. Ta yi kyau ƙwarai. Abin takaicin shi ne, babi ɗaya cikin 47 ya zama tambarin labarin gaba ɗaya.

Azumi ya kama, aikin zai ɗan lafa sai bayan Sallah.

6 ga Afrilu

Biyu na talbijin, duka na 1997.

Na Michael Anderson, inda Ben Cross ya fito a Nemo, Richard Crenna a Aronnax, ya cire Conseil ya sa 'yar Aronnax, Sophie, wadda ta yi shigar maza ta hau jirgi. Daga nan labarin ya zama wa zai same ta, Nemo ko Ned. Na Rod Hardy, da Michael Caine a Nemo, ya matsar da labarin zuwa 1886, ya mayar da Aronnax saurayi mai fama da uba mai danniya, Patrick Dempsey ne ya hau matsayin, sannan ya ba Nemo 'ya mai suna Mara. A gurbin Conseil akwai Cabe Attucks, baƙar fata, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa.

A littafin babu mace ko ɗaya a cikin jirgin sai wadda ke jikin hoto. Rashinta shi ne ciwon Nemo. Ban ƙi a ƙara mata a labari ba, kuma na san dalilin kasuwa da ke sa a yi. Amma idan aka ba shi 'ya mai rai a ɗakin kusa, ko budurwar da zai nema, an ba shi abin da zai rayu dominsa, alhali mutumin Verne ya ce shi matacce ne a wurin duniya. Conseil ma na yi kewarsa. Shi ne ya faɗa teku da gangan don bin ubangidansa, shi ne kuma a ƙarƙashin ƙanƙara, tare da Ned, suka bar wa Aronnax ragowar iskar da suke da ita.

20 ga Afrilu

Makonnin nan na ba su ga Nemo Ba'indiye. A *L'Île mystérieuse*, na 1874 zuwa 1875, Verne ya buɗe asirin: Yarima Dakkar ne, ɗan sarkin Bundelkhand, dangin Tipu Sultan, wanda ya shiga boren 1857 a kan Turawan Ingila ya rasa iyalinsa. Bayan na 1916, majigi ya daɗe yana kauce wa wannan. Herbert Lom a 1961 da Robert Ryan a 1969 duk Turawa ne. Omar Sharif ɗan Masar ya hau matsayin a 1973. Naseeruddin Shah, wanda masu kallon finafinan Indiya a wajenmu suka sani, ya fito a Nemo a 2003, amma a fim ɗin taron jarumai ne da ba na Verne ba.

Sai mai dogon zango na 2024, *Nautilus*, kashi goma, da Shazad Latif. An yi shi ne don Disney, suka fasa nunawa a 2023, ya fito a Prime Video. Ya fara a 1857, Nemo fursunan kamfanin Turawa mai mulkin Indiya ne, ya sace jirgin da aka tilasta masa ƙerawa ya gudu da sauran fursunoni. Babu tafiyar Aronnax da Ned a ciki, labarin abin da ya gabata ne.

Na ji daɗin ganin an kira mulkin mallaka da sunansa, an kuma ba wanda ya fito daga zuriyar yankin matsayin. Wanda kakanninsa suka ga 1903 ba ya buƙatar a yi masa bayanin fushin Dakkar. Amma amanar da wannan shirin ya riƙe ta littafi na biyu ce. A na farko muna ganin mutumin daga waje, ta idon baƙon da ya ci abincinsa, ya sha ilminsa, sannan ya ga ya nutsar da ɗaruruwan mutane bai san laifinsu ba. Da zarar an fara da nuna mana zaluncin da aka yi masa, mun riga mun shiga sahunsa, nutsar da jirgin kuma ya zama ramuwar da ake tafa wa.

4 ga Mayu

Inda teburina ya tsaya: na 1916 ya riƙe tekun da mai nutso, na 1954 ya riƙe zafin zuciyar Nemo da ɓoye sunan maƙiyinsa, na 2024 ya riƙe siyasarsa. Cikin waɗanda na kalla babu wanda ya kai akwatin zinariya Kirit, babu kuma wanda ya bar labarin a bakin Aronnax tun daga farko har ƙarshe.

Saura na Tarayyar Sobiyet na 1975, kashi uku, wanda Vasily Levin ya yi a Odesa da Vladislav Dvorzhetsky a Nemo. Na samu kwafi mai rubutun fassara a ƙasa, shi zan fara a makon nan, kuma abin da zan sa wa ido shi ne yadda ƙasar da aka cire sunanta daga labarin tun a teburin Hetzel ta ɗauki mutumin. Bayansa sai na zane: na Hanna-Barbera na 1973, na Ostareliya na 1985, da *Nadia* na Japan na 1990, wanda kashi 39 ne, don haka zai kai ni har cikin damina.